Layi Tara na Malam Yusha'u

Da ƙarfe bakwai da rabi Malam Yusha'u yake jingine kekensa a gindin dalbejiyar nan ta hanyar kasuwar Batsari. Ya kakkaɓe benci, ya ɗora tafireta a kan teburi, ya ajiye tsohon ƙamus ɗinsa da baduku ya ɗinke wa bango har sau biyu, sannan ya zauna jiran masu koke. Shekara talatin da huɗu ke nan yana rubuta wa mutanen ƙauye takarda da Turanci zuwa ofisoshin da ba sa jin kuka sai an buga shi. Ƙarshen watan nan zai tattara, yanar ido ta ci ƙarfinsa. Na tambaya ko akwai wanda ya shirya masa ko da taron shan lemo. Babu. Shi ya sa na ɗauki biro, kuma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Ni malamar Turanci ce, a Safana na koyar har na yi ritaya. Akwai kalmomi huɗu da littafinmu ya jera a layi ɗaya, wai duk ma'anarsu magana mai shawo kan mutum. Haka aka koya mana, haka muka koyar. Ba zan rubuta su da Turanci ba, na gaji da masu razana mutane da shi. Tun ina koyarwa abin bai kwanta mini ba: in duk ɗaya ne, me ya sa Bature ya wahalar da kansa ya yi huɗu? Mai duba makarantu ya ce in bi manhaja in rage surutu. Sai a bencin Malam Yusha'u na sami amsa, mutumin da iyakarsa takardar malanta mai daraja ta biyu.

"Malama Baiwa, ai maƙwabta ne, ba gida ɗaya ba," ya ce mini. "Ta farko zuciya take taɓawa, mutum ya bi ka yau, gobe ya tashi yana cizon yatsa. Ta biyu kama da gaskiya kawai take yi, ƙaryar da aka tsara da kyau ma tana samun wannan yabon. Ta uku tana cire shakka. Ta huɗu kuwa, ko mutum ba ya so, ba ta bar masa ƙofar fita."

Na ce, "To kai wacce kake bugawa a wannan tsohon ƙarfen naka?"

"Ta farko suke zuwa nema. Ni ta huɗu nake bi, in na gaza in tsaya a ta uku. Ƙarfen kuma ƙaninki ne, Malama, ki bar zaginsa."

Ba ya buga ko harafi sai ya fara zama abokin gabarka. Ka faɗi kokenka, ya murtuke fuska ya zama ma'aikacin da zai ce a'a: wa ya gani, wace rana, ina shaida? Mutane da yawa kan yi fushi su tsallaka titi wurin Sharfaddeen mai shagon kwamfuta, wanda ke cika shafi huɗu da kalmomi masu tsawon igiyar guga. A garin nan an yarda cewa takardar da ba ka gane ba ita ce mai ƙarfi. Wa ya fara faɗin haka, ban sani ba, amma ya cuce mu.

Damina uku da suka wuce, ina zaune a bencin, wata dattijuwar Bafulatana mai suna Ramatu ta zo daga wata ruga ta wajen Ruma. An kai hari wani ƙauye da la'asar, wani mutum ya rantse ya ga babban ɗanta a kan babur yana nuna wa ɓarayin daji hanya. Ya faɗi launin rawaninsa, ya faɗi inda ya tsaya, ya tsara labarin har kowa ya gyaɗa kai. Aka kama ɗan. Kwanansa goma sha shida a tsare, kuma ana maganar za a wuce da shi inda uwa ba ta iya bin sawu. Ta riga ta kai takardar Sharfaddeen, shiru.

Malam Yusha'u ya karɓi kwafin ya fassara mata da Hausa, kamar yadda yake yi wa kowa kafin a dangwala yatsa. Wai tana birgima cikin hawaye dare da rana, tana roƙon a yi wa ɗanta afuwa.

Ta ce, "Modibbo, ni ban yi birgima ba."

"Na ga alama, Inna. Kuma mai neman afuwa ya amsa laifi ke nan. Wannan takardar ta ƙara masa kwaɗo ne a ƙofa."

Sai ya murtuke fuskar nan tasa. Ta ce ranar ɗanta yana kwance, wani bijimin sa ya soke shi a cinya. Ya ce, "Ke uwa ce, me za ki ce da?" Na ji kamar in kwaɗa masa jakata. Ita ko gezau. Ya jawo takarda ya ce, "Sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Ta tako tun daga Ruma don ta ceci ransa, amma bakinta ba zai ambaci sunansa ba. Malam bai matsa mata ba. Ya ce, "Akwai inda aka rubuta?" Ta kwance bakin zane ta miƙa masa wata leda don ya karanta da kansa. Katin zaɓe ne a ciki, da na rigakafin shanu, da wani ƙaramin kati na ɗakin shan magani na wajen Wagini. Sunan ɗan nata ne a jiki, Hamma, da kwanan wata. Jajibirin harin.

Ni har na fara hamdala. Shi ya ce, "Kati ana iya rubuta shi jiya." Ya rufe tafireta ya hau acaɓa, a lokacin da masu manyan motoci ba sa bin hanyar saboda ɓarayin daji. Ya sami Esther, ma'aikaciyar da ta yi ɗinkin. Ta buɗe masa rajista, sunan yana tsakiyar shafi, da marasa lafiya a samansa da ƙasansa, ba inda za a cusa shi daga baya. Kwana uku Hamma ya yi a kwance a ɗakin shan maganin bai iya taka ƙafa ba. Ta sa hannu, ta ce duk mai shakka ya zo ya same ta.

Takardar da ya buga layi tara ce. Babu hawaye, babu kirarin mai girma. Rana, wuri, lambar shafin rajista, sunan Esther. Layin ƙarshe ya ce: ɗinki goma sha ɗaya ne a cinyarsa ta hagu, yana hannunku, ku ƙirga.

Ramatu ta juya takardar ta ce, "Modibbo, ba ta yi kaɗan ba?"

"Inna, in ta yi tsawo za su sami wurin ɓuya."

Da takardar ta isa, masu tsare da shi suka ƙirga. Kwana bakwai bayan nan Hamma ya fito yana ɗingishi.

Malam Yusha'u, kai ne ka ƙi sayar wa talaka daɗin baki, alhali shi ya zo nema. Kai ne mai tsananta wa mutum a inuwa don kada a kunyata shi a ofis. Ka san nauyin kalma kamar yadda mai awo ya san tiya, ba ka taɓa ba da kama da gaskiya a matsayin gaskiya ba.

Mu kuwa fa? Kowace shekara ina ganin ana miƙa kofin muhawara ga wanda ya fi kumbura murya, ana rataya lambar yabo a wuyan masu jawabin da ba a tuna ko jimla ɗaya bayan an watse. Da bakin wani mai iya tsara zance aka kusa hallaka Hamma, kuma dukanmu mun gyaɗa kai, har da ni da digirina. Malaman Turanci 'yan uwana, ku raba kalmomin nan huɗu a allo, ko manhaja ta so ko ta ƙi. Masu shagunan kwamfuta, ku je ku zauna a bencin nan kafin wata ya ƙare, ku koyi tambayar "ina shaida". Kuma ku riƙa karanta wa mutum takardarsa da harshensa kafin ya dangwala.

Na karanta masa wannan rubutun jiya, tunda idonsa ba ya iyawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya murtuke fuska.

"Malama, ya taɓa zuciya. Amma ke abokiyar hirata ce, me za ki ce da? Ina shaida?"

Nuni na yi masa da baki. Ranar kasuwa ce, ga Hamma yana tsallako titi da ƙwaryar nono, kamar yadda yake yi duk mako, yana ɗan jan ƙafar hagu.

Mun gode, Malam. Allah Ya ba idon lafiya, Ya saka maka da alheri. Shaidarka da ƙafarta take zuwa.