Sunan da Mai Dashe Ya Goge

Duk wanda ya san Mai Dashe ya san mutum ne mai hannun albarka da bakin tsiya. Ko tsinken tsintsiya ya soka a ƙasa sai ya yi ganye, amma taya masa dashen lemo da araha ka sha faɗa. Shekara ashirin ke nan yana lambunsa na bayan tashar mota, tsakanin baƙaƙen ledoji cike da ƙasa da wata tsohuwar kwamfuta a rumfar kwano.

A kwamfutar nan yake rubuta wasiƙarsa. Duk farkon wata imel ɗaya ke tafiya ga mutum ɗari tara: lokacin yi wa gwaiba aski, maganin tsutsar tumatir, da faɗa ga masu kashe shuka da yawan ban ruwa. Wani kamfani ke rarraba masa, yana biyansu.

Cikin ɗari taran nan akwai yayansa. Sun ɓata tun rabon filin mahaifinsu, shekara tara ba ko gaisuwa. Amma wata rana ya ga adireshin Yaya ya shigo jerin da kansa. Bai faɗa wa kowa ba, sai dai matarsa ta lura wasiƙar ta ƙara tsawo, har da labarin ciwon gwiwarsa da sabuwar jikarsa.

"Masu sayen tumatir ne ke son jin lafiyar gwiwarka?" in ji ta.

"Ke dai yi harkar gabanki."

Wannan zaren kaɗai ya rage tsakaninsa da ɗan'uwansa, shi ma ya sani.

Sai kamfanin ya ƙara kuɗi, sau biyu a shekara guda. Mai Dashe ya yi ta bambami, har ya samo wani kamfanin da kyauta ne in mutanenka ba su haura ɗari biyar ba. To, wa za a zubar? Tsohon kamfanin na da shafi mai nuna waɗanda ba sa buɗe saƙo. Ya duba, sai ga Yaya a ciki, wai shekara huɗu bai buɗe ko ɗaya ba.

Wallahi ya ji ciwo. Ashe shi kaɗai yake ta zuba kamar kanyar da ba daɗi! Da ya tambayi ko mai gyaran waya, da an gaya masa na'urar ba ta ƙirga mutum sai hotunan cikin saƙon sun buɗe. Amma ina, zuciya ta riga ta ciyo shi. Ya goge sunan tare da na duk waɗanda ba sa buɗewa, ya kwashe sauran ya koma sabon kamfani. Wasiƙar ta koma maganar tsutsa da taki zalla.

Bayan wata biyar Yaya ya rasu, jinyar kwana uku kacal. Mai Dashe ya je ya rakuɓe a bakin ƙofa kamar baƙo. Da mutane suka ragu, matar Yaya ta kira shi ciki, ta miƙo masa wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi.

"Ga abin da yake karanta wasiƙarka da shi. Ba ta buɗe hoto, rubutu kawai. Duk wata sai ya tara mu ya karanta, yana cewa yaron nan har yau bai iya dasa mangwaro ba." Ta share ido. "Da ta daina zuwa na ce ya kira ka. Ya ce a'a, tunda ka cire shi kana da dalilinka. Amma bai fasa dubawa ba."

Mai Dashe ya mayar mata da wayar, ya tafi gida.

Washegari da sassafe ya shige rumfa, ko ban ruwa bai yi ba. Ya buɗe jerin, ya rubuta adireshin Yaya da ka, harafi bayan harafi, don ya mayar da shi. Sabon kamfanin ya amsa nan take, cikin ladabi: an aika wa mai wannan adireshi saƙo, da zarar ya amince za a saka shi.