Ranar da Baturen Gona Ya Tofar da Mazarƙwailar Taba

Dauloli sun ci ƙasa da takobi, sun riƙe ta da alƙalami, amma ban san daular da ta tsira daga sharrin bakin ma'aikacinta ba. Ba maganarsa nake nufi ba, yawunsa. Ku sababbin malaman gona, ku saurara, don ranar da zan ba ku labarinta ta ƙi barin raina.

Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, sukari ya yi wuya, gwamnati ta tuna cewa talakawanta na noman rake. Ina malamin gona na En'e, wato ni ke tsakanin Baturen Gona da manoma: in ya faɗa in juya da Hausa, in sun ƙi ni ke shan faɗa. Aka aiko da injin matse rake na ƙarfe guda ɗaya, irin wanda doki ke juyawa, aka ce a bai wa garin da ya fi iya mazarƙwaila. Gari biyu suka rage, Nasarawan Doya ta wajen Makarfi da Taba ta wajen Kudan. Mutanen Taba sun fi matsuwa, don da turmi suke daka rake, rabin ruwan yana tafiya a ɓawo. Na sha zirga-zirga kafin Sarkin Nomansu, Baba Gambo, ya yarda ya shiga gasar. Tsoho ne da ba ya son a auna shi da kowa.

Baturen namu ana ce masa Mai Hanci. Abin taƙamarsa a duniya shi ne ko an rufe masa ido yana bambance giyar inabin Sifaniya da ta Chile. Sifaniya na san ta, ita ce Andalus ta littattafanmu. Chile kuwa sai da na nemo ta a taswirar makaranta, na same ta siririya kamar zaren wando. Ya ce ta Sifaniya dattijuwa ce, tana ƙamshin itace da tsohuwar fata, ta Chile yarinya ce mai rawar kai. Ya ce da wannan ilmi zai yi wa mazarƙwaila hukunci: a jiƙa ta a kofin gilashi, a ɗaga a duba, a shinshina, a kurɓa, a wasa baki, a tofar.

Na ce, “Ranka ya daɗe, duk na ji, ban da na ƙarshen. A nan ba a tofar da abin da mutum ya kawo maka da hannunsa.”

Ya ce alƙalin da ke haɗiyewa mashayi ne, ba alƙali ba. Ya ƙara da cewa aikina juya magana ne, ba ba da shawara ba.

Aka taru a barikin Ikara da hantsi, hakimi yana zaune, dagatai da liman na gefe. Kafin a fara, Mai Hanci ya yi laccar giyarsa, ni kuma da ban taɓa ɗanɗana ta ba na tsaya ina fassara wa liman falalar ta Sifaniya. Liman yana jan carbi yana kallona kamar ni na dafa ta.

Aka fara da Taba. Baba Gambo ya kwance ƙyalle fari, ya miƙa curin mazarƙwaila da hannu biyu. Bature ya jiƙa, ya ɗaga wa rana, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya yi ta kurkure baki kamar mai alwala. Sai ya juya ya tsartar a cikin wata tasa, gaban tsohon.

Mutanen Nasarawan Doya suka fashe da dariya. Shugabansu, Malam Tanko, ya ce, “Baba, da gishiri kuka dafa? Ko Nasara ya kasa haɗiyewa!”

Aka kawo ta Nasarawan Doya. Malam Tanko ya gyara hula. Bature ya kurɓa, ya kurkure, ya tsartar, wannan karon har ya wuce tasar. Dariya ta ɗauke.

Malam Tanko ya dube ni. “Malam, kiranmu aka yi a zage mu?”

Na yi bayani iyakar iyawata, cewa a ƙasarsu tofarwa girmamawa ce ga sana'a. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke wari a bakina. Baba Gambo ya ce, “Ɗan nan, mahaifinka na san shi. In ka kai masa tuwo ya tofar a gabanka, girmamawa za ka kira shi?”

Mai Hanci bai lura da kome ba. Ya miƙe ya sanar cewa Taba ta ci, don tata tana da zurfi irin na Sifaniya, ta Makarfi kuwa Chile ce. Na juya da Hausa. Ba wanda ya yi guɗa.

Baba Gambo ya ce a gaya wa Bature abu ɗaya yake so: ya gutsuri curin nan, ya tauna, ya haɗiye a gaban jama'a, sannan a yi zancen inji. Na roƙi Mai Hanci da duk Turancin da na koya a makarantar Midil. Na ce loma ɗaya ce, ranka ya daɗe, gari guda na jiran ta. Ya ce shi zaƙi ba ya masa daɗi, ko a shayi ba ya sa sukari.

Ku ji fa! Wanda aka ɗora alƙalin zaƙin lardi!

Tsohon ya naɗe ƙyallensa. Hakimi ya ce to a bai wa na biyu. Malam Tanko, wanda ɗazu yake tsokana, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, mu ma an tofar da tamu.” Ya ɗaukar wa Baba Gambo buzunsa, suka fita tare. Mutanen da ba sa zama layi ɗaya a kasuwa, ran nan yawun Bature ya haɗa su.

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe: manomi zai yafe maka in ka ce amfaninsa bai kai ba, amma sai ka ci tukuna. A rahoton shekara kuwa an rubuta cewa mutanen yankin ba su damu da ci gaba ba. Mai Hanci ya sami ƙarin girma, Taba ta koma turminta.

Injin ya zauna a bayan bariki. Mai gadi yana ɗaure akuyarsa a jiki.