Gwaggo Habsu da Matattun Tele

Duk wanda ya taɓa kallon tele a tsakar gidanmu na Sabon Gari ya san dokar: da zarar wani ya mutu a cikin wasan, sai a matsa wa Gwaggo Habsu. Za ta jawo kujerarta har gaban gilashin, ta tare wa kowa, ta kafa wa cikin mamacin ido. Mu muna sharar hawaye, ita tana jiran cikin ya motsa. Kuma sai ya motsa.

"Ga shi nan, yana lumfashi," in ji ta. "Ku tashe shi shi tahi gida."

Yayar babanmu ce, kuma ita ke wankan gawar mata a unguwarmu tun kafin a haife ni. Har daga Tibiri da Jiratawa ake zuwa ɗaukarta a kabu-kabu, da ƙwaryarta da ƙullin ganyen magarya. Shi ya sa ba ruwanta da soyayya ko rigimar gado da ke kai sauran mutane gaban tele. Ita mutuwa take zuwa dubawa, kamar yadda mai kitso ke duba kan da wata ta yi.

Akwai wani wasa mai dogon zango inda wata Hajiya ta kwanta ciwon ajali da jan baki da gashin ido, ta tara 'ya'ya tana wasiyya, tana yafe wa wannan tana tona asirin wancan. Aka tafi talla aka dawo, tana nan tana magana. Gwaggo ta je ta yi alwala ta dawo, matar ba ta cika ba.

"Wagga ba ta da niyya," ta ce. "Na riƙe kan mata da yawa suna tahiya, ban ga wadda ta yi jawabi ba. Ruwa suke roƙo. Marigayiya Indo ta bayanmu, abin da ta hwaɗi na ƙarshe shi ne a sauke mata wake kada shi ƙone."

Na ce, "To Gwaggo, an sauke?"

"Wa ya tuna da wake? Cikin ƙaurinshi na wanke ta."

Amma babbar maganarta, wadda har yaran layi suka haddace, ita ce, "Wa ya wanke shi?" Kuma ku da kuka san gidan kun san ba a tele maganar ta samo asali ba. Gwaggo 'ya ɗaya gare ta, Zulai. Wata shekara da damina ta ƙi, Zulai ta bi ayarin mata ta hanyar arewa neman aikatau. Mota ta lalace musu a sahara. Wata 'yar Tibiri, Barira, da Allah ya yi wa sauran kwana ta dawo ta ce Zulai na cikin waɗanda suka tafi neman ruwa, ba a sake ganinsu ba. Babanmu ya shimfiɗa tabarmin zaman makoki, Gwaggo ta fito ta naɗe su da hannunta.

"Ban wanke ba, ban ga wadda ta wanke ba. Ɗiyata tahiya ta yi."

Barira ta zo gaisuwa, ta durƙusa ta ce, "Inna, ya haƙuri?" Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Haƙurin mi? Wa ya mutu gidanku?" Tun daga ranar babu mai ikon cewa Allah ya jiƙan Zulai a gidan nan. Ba sadaka, ba addu'ar mamaci, shekara da shekaru. Abin yana cin babanmu ƙwarai. Yakan ce, "Yaya, yarinyar nan tana bukatar addu'a." Ita kuma ta ce, "Mi ya hana ka? Ka ce Allah shi maido ta."

To da wannan ma'aunin take auna kowane wasa, kuma abin haushin, ba ta faɗuwa. An yi wani da motar wani Alhaji ta faɗa gulbi, aka tsamo hula da takalmi ɗaya. Matan gida suka ɓarke da kuka, wata maƙwabciya har da cewa ba za ta iya cin tuwo ba. Gwaggo tana tsintar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ku adana hawayenku, za su yi muku rana. Wa ya wanke shi?"

Bayan 'yan makonni sai ga Alhaji da bandeji a ka, wai ya manta sunansa. Gwaggo ta miƙe ta zagaya tsakar gida tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya da tsinken zogale. Daga nan mata suka mayar da ita kamar mai duba, har waya ake yo mata daga Jiratawa a tambayi ko wance za ta dawo. Mu dariya muke yi. Babanmu kuwa, in an fara, sai ya ɗauki butarsa ya fita.

Sai kuma zanen nan mai motsi da yaran gida ke kallo a waya, na wani bunsuru ɓarawon ganyen salati a lambu. Kullum tirela ce ke taka shi, ya shimfiɗe kamar tabarma, ya tashi ya karkaɗe jiki ya koma sata. Ranar farko Gwaggo ta ce wasa da ajali ne, haramun, a fitar mata da shi daga gida. Washegari na same ta a inuwar bishiyar bedi da wayar a hannu, tana dariya har ɗankwali ya zame.

"Zo ki maido mani wurin da motar ta taka shi."

"Gwaggo, ba ke kika ce haramun ba?"

"Na ce. Dubawa nike in ga ko wanga karo zai tsaya kwance."

Daga baya ta yanke hukunci cewa duk 'yan wasan ƙasar nan da na ƙetare, bunsurun ya fi su mutunci, don shi bai taɓa sa kowa zaman makoki a banza ba.

Bara aka fara wani sabon wasa, na wata yarinya da ta bi hanyar arewa, mota ta lalace a sahara. Na miƙa hannu zan sauya tasha, Gwaggo ta ce, "Bar shi." Mako bayan mako tana kallo, ba ta tanka ba, kuma shirunta ya fi surutunta ba mu tsoro.

Ranar kashi na ƙarshe an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai maimaicin la'asar muka samu, gida cike da maƙwabta. Sai ga yarinyar ta dawo a farar mota, ta yi ƙiba, da leshi da jan baki, wai wani mai raƙumi ya tsince ta. Uwarta ta rungume ta. Mata suka juyo suna tafi.

"Gwaggo, kin sake ci. Wa ya wanke ta?"

Ta jawo kujerarta har gaban gilashin kamar kullum. Ta daɗe tana duban fuskar yarinyar.

"Ƙarya ne," ta ce. "Ku dubi leɓenta. Wanda ya rubuta wanga abu bai taɓa jiran kowa ba. Ba a dawowa daga can."

Ta juya ta kira babanmu da sunansa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Sale, gobe ka auno gero."

Da hannunta ta daka gumbar sadakar, ta hana kowa taɓa taɓaryar. Ta sa aka je Tibiri aka ɗauko Barira. Barira ta durƙusa ta ce, "Inna, ya haƙuri?" Gwaggo ta ce, "Da godiya." Ban taɓa jin magana mai nauyin waɗannan kalmomi ba, kuma ranar na yi kukan da na daɗe ina ɓoyewa.

Ba ta sake zama gaban tele ba. Kafin damina ta fita ta kwanta, kuma kamar yadda ta sha faɗa mana, ba ta yi jawabi ba. Ruwa ta roƙa, na ba ta. Da aka lulluɓe ta, sai na tsinci kaina na kafa wa cikinta ido, ina jira. Bai motsa ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo Habsu, ya wanke ta fes kamar yadda ta wanke bayinsa. Allah ya jiƙan Zulai, tun da yanzu an ba mu izinin faɗa. Ya haɗa su a inda babu ƙishirwa.