Ƙarfen da Na Tsoma a Ruwa

Samari, ba zan faɗi sunana ba, don ba abin da zai ƙara muku. Ni dai ɗan maƙera ne daga Gidimuni. Na tashi ina yi wa mahaifina zuga, muna ƙera hauya da lauje da gatari. Mu biyu ne maza a ɗakinmu, Yaya Habu sai ni auta. Shi ba ya son zafin wuta, noma ya kama, kuma da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe Inna da gidan duka. Ƙato ne mai yawan dariya, yakan saɓa buhun gero yana hira kamar bai ɗauki komai ba. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu mai kyau, na kuma san haka, abin da ya fara ɓata ni ke nan.

Lokacin da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ƙauye ya yi mini kaɗan, na taho Damagaram. Na faɗa hannun wani tsohon maƙeri Babarbare a unguwar Zango, ana ce masa Baba Ari, wanda ya taɓa aiki a wurin gyaran motocin Nasara. A lokacin gidajen Nasara da na manyan 'yan kasuwa masu kamyo, wato manyan motocin kaya, sun fara yin garaji da ƙofar ƙarfe wadda ake ɗagawa sama. Ƙofar nan nauyi gare ta na gaske. Abin da ke sa mutum ɗaya ya iya ɗaga ta, ta kuma tsaya a sama, wani murɗaɗɗen ƙarfe ne da ake kira resor, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In ya gaji sai ya karye a wajen ƙugiya. Sabo kuwa sai an jira shi daga ƙasar Nasara, don haka masu gida suke neman mu.

Baba Ari ya koya mini gyaran. A gasa bakin resor, a lanƙwasa sabuwar ƙugiya, a tsoma ta a baƙin man mota, sannan a sake ɗumama ta a hankali har launinta ya koma kamar wuyan tantabara. Aiki ne mai cin lokaci da gawayi. Ranar farko ya ga na kai hannu wajen tulun ruwa, kamar yadda na saba a gida, ya buge mini hannu.

Ya ce, “Yaro, wannan ba hauya ba ce. Ruwa busar da shi yake yi, ya yi kyau a ido amma ba ya da wuyar tsinkewa. Hauya in ta karye, manomi ya yi tsaki ya koma gida. Wannan kuwa mutum ke tsayawa a ƙarƙashinsa.”

Na ce na ji, kuma wallahi na ji.

Farkon abin mantuwa ce. Baba Ari ya aike ni gidan wani Banasare ni kaɗai, na isa na tarar na baro gwangwanin mai. Rana ta yi zafi, na yi ƙyuyar komawa, sai na tsoma a ruwa na ɗaura. Wata bai cika ba ƙugiyar ta tsinke. Da aka aiko kirana, na ɗauka asirina ya tonu. Ina zuwa sai matar gidan ta hau zagin ƙarfen, ta sake biyana, har ta haɗa mini da tsohuwar rigar mijinta. A hanyar komawa ban yi tunanin na tsira ba. Tunanin da na yi shi ne, ashe ƙofa ɗaya tana iya ciyar da mutum sau da yawa.

Daga nan na riƙa yi da gangan. Na rabu da Baba Ari don kada ya gane, na ce masa na isa cin gashin kaina. Sai abin ya wuce nan. In an kira ni gyaran resor ɗaya, sai in ƙwanƙwasa ɗayan mai lafiya, in girgiza kai, in ce shi ma ya tsage. In cire shi, in maye gurbinsa da wani ruɓaɓɓe da na yi wa kwaskwarima, in kai mai kyaun wani gida in sayar a matsayin sabo. Na sayi keke, na sayi agogo, ina shafa turare. Mutane na yabona, wai ba a kirana in yi jinkiri. Ta yaya zan yi jinkiri, alhali na san ƙofar kowa da lokacin da za ta neme ni?

Wata shekara damina ta yi gardama, Yaya Habu ya zo cin rani. Ni da bakina na nema masa aiki a gidan Alhaji Bukar, wani ɗan kasuwa mai kamyon gyaɗa. Aikin gadi ne, da buɗe wa direba garaji. Sai bayan an ɗauke shi na tuna cewa ƙofar gidan nan ba ta daɗe da shan hannuna ba, kuma resor ɗinta duka biyun na ruwa ne.

Ya kamata in je in canza su. Amma in na taɓa ƙofar da ba ta lalace ba, Alhaji zai tambayi dalili, kuma dalilin ne zai tona mini asiri. Na ce wa raina bari ɗaya ya tsinke tukuna, ai ba su taɓa tsinkewa tare ba. Abin da na iya kawai, wata rana muna shan fura a bakin garajin, na ce, “Yaya, in ka ɗaga ƙofar nan ka riƙa tokare ta da itace.”

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya daki kafaɗata. Ya ce, “Auta, aikin ƙanena ne fa. In tokare shi a gaban mutane, su ce me? Ni da nake nuna wa kowa ina cewa ɗan gidanmu ne ya yi.”

Na yi dariya tare da shi. A nan ne ya kamata in faɗa masa, ban faɗa ba.

Da hantsi abin ya faru. Direban ne ya ba ni labari daga baya. Yaya ya ɗaga ƙofa, ya sunkuya zai janye dutsen da ake sa wa taya. Resor na dama ya tsinke, na hagu ya kasa riƙewa shi kaɗai, shi ma ya bi. Ƙofar ta sauka a tsakiyar bayansa. Sai da ƙarti suka taru kafin a zaro shi. Da na je gidan likita, yana ganina ya ce, “Kada ka damu, Auta, ƙaddara ce. Ƙafafun ne dai ba na jin su.”

Alhaji Bukar bai yarda da ƙaddarar nan ba, ya kai maganar wurin hukuma, ofishin jandarma. Aka kira Baba Ari ya duba ƙarfen. Tsohon ya juya guntun a hannu, ya dubi inda ya karye, fari tas kamar gishiri. Ya ce, “Ruwa ya sha.” Aka tambaye shi ko rashin sani ne. Bai dube ni ba, ya ce, “Ni na koya masa. Ya sani.” Da aka bincika ɗakina aka sami resor na gidajen mutane a ƙarƙashin gado. Masu su suka zo ɗaya bayan ɗaya suna nuna nasu.

Aka kai ni kaso, gidan kurkuku. Shekarun da na yi can, fasa dutse ne da ɗibar ruwa a gidajen ma'aikata. Wani lokaci gardi mai tsaronmu ya kora mu ta gaban garajin da na taɓa gyarawa, in sunkuyar da kai. Yunwa da duka duk ban damu da su ba kamar yadda na damu da damina. In hadari ya taso sai in tambayi kaina wa ke noman gonarmu. Inna ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Baba Ari ya rasu ina ciki, ban samu na roƙe shi gafara ba.

An sake ni a shekarar da ƙasa ta sami mulkin kai. Gari ya cika da kiɗa, ni kuwa na ratsa ta cikin masu murna kamar baƙo, na kama hanyar Gidimuni. Na tarar an ba da rabin gonar aro. Sauran rabin Inna ce a ciki da matar Yaya, tsohuwa tana jan hauya da ƙyar. Inna ta amsa gaisuwata, ta nuna mini ɗaki da baki.

Yaya yana zaune a tabarma, an jingina shi da bango, yana tufka igiya. Ƙafafun nan da ke ɗaukar buhu sun koma kamar kara. Ya ce, “Auta, ka rame.” Na durƙusa ina kuka ina roƙonsa. Ya ce, “Na yafe tuntuni. Abu ɗaya dai nake so in ji daga bakinka. Ranar da ka ce in tokare ƙofar nan, ka sani?”

Na ce, “Na sani, Yaya.”

Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, “Da ka ce ba ka sani ba, da na yarda.”

Na tuba, na koma gona, ni ke ɗaukarsa in fitar da shi inuwa, ni ke yi masa wanka. Amma tuba ba ta tayar da ƙafa. Bayan wani lokaci na ƙera masa kujerar ƙarfe mai jingina. Ban taɓa yin aiki da gaskiya kamar wannan ba, kowace gaɓa sai da na gwada ta da nauyina. Ya yi godiya, ya sa mini albarka. Da na zo ɗora shi, sai ya ce in dakata, ya kira matarsa a hankali ya ce ta kawo guntun itace ta tokare ƙarƙashinta.

Samari, duk aikin da ke hannunku, akwai wanda zai tsaya a ƙarƙashinsa, kuma ba ku ne za ku zaɓe shi ba. Kada ku ci ha'inci ko na ƙugiya ɗaya ne. In kuma kun riga kun ci, ku faɗa yau da cikakken baki, kada ku yi rabin gargaɗi irin nawa. Kaso an buɗe mini na fito. Yayana kuwa har ya koma ga Allah bai zauna a kujerar nan ba sai da itacen a ƙarƙashinta, kuma kowace safiya ni ne nake sa masa.