Kafintan da Ake Kira Wobble

Hedley Nitschke kafinta ne a wani ƙaramin gari cikin kwarin Barossa, inda rabin jama'a jikokin Jamusawa ne, sauran kuma surukansu. Shekara arba'in yana haɗa tebura, ba a taɓa samun wanda ƙafafunsa huɗu suka zauna a ƙasa lokaci guda ba. Duk gidan da ka ga an cusa kwali ƙarƙashin ƙafar tebur, to aikinsa ne. Shi ya sa aka laƙaba masa Wobble, kalmar Turanci ta abin da ke tangal-tangal.

Sunan yana ƙona masa rai. A cewarsa, daɓen gidajen mutane ne a karkace.

Ranar gasar kek ta coci, teburinsa ya yi girgiɗi, kek ɗin matar fasto ya kife a cinyar alƙaliyar gasar. Aka tuntsire da dariya ana kiran sunan. Hedley ya buga hula da ƙasa, ya rantse sai ya kai ƙarar gari gaba ɗaya don zagi.

Washegari ya tafi laburare neman hujja. Mai kula da wurin, Maureen Kleinig, ajinsu ɗaya a firamare, ba ta taɓa raga masa ba. Ta buɗe ƙamus.

"Ma'ana ta farko, abin da ke tangaɗi. Ta biyu, murya mai rawa. Na ji ka ranar Lahadi kana waƙa."

"Mura nake yi."

"Tun yaushe? Ta uku, mutumin da ya kasa tsayawa kan magana ɗaya. Shekara nawa ka yi kana sa ranar aurenku da Glenys kana ɗagawa?"

"Ke dai karanta abin da ke rubuce!"

"To, ana kyautata zaton daga Jamusancin arewa kalmar ta samo asali, wabbeln."

Sai Hedley ya gyara tsayuwa.

"Wato tamu ce?"

"Kai, kakanninka daga gabas suka fito. Kuma Turawan Ingila sun ara ta kusan shekara ɗari biyu kafin kakannin naka su hau jirgin ruwa zuwa nan."

"Jamus dai Jamus ce."

Daga nan maganar ƙara ta bi ruwa. Ya sa fenti ya rubuta sunan ɓaro-ɓaro a allon shagonsa. Duk baƙon da ya tsaya tambayar hanya sai ya sha tarihi, har da wanda Hedley ya ƙara da bakinsa, wai kakansa ne ya shigo ƙasar da kalmar cikin akwatin kayan aiki.

Da ya ajiye aiki yana da shekara saba'in da tara, matarsa Glenys ta shiga birnin Adelaide ta sayo teburin cin abinci na kanti. Mako guda Hedley yana cin abincinsa a tsaye jikin taga. Rana ta takwas ƙafa ta gaji, ya ja kujera ya zauna, ya ce a miƙo masa gishiri.