Ƙyaranar Kakana da Ruwan Alwala

Har yau in na ji ruwan buta yana zuba a tsakar gida, sai na leƙo in ga inda mai alwalar ya tsuguna. 'Ya'yana dariya suke yi mini. Bari ku ji mafarin abin.

A gidanmu na unguwar Nima, gidan haya mai ɗakuna a jere, kakana yana da wata shuka cikin tsohon bokiti a bakin ƙofarsa. Gadi ya yi a gidan wani Bature, can ya samo guntunta. Miƙaƙƙiya ce kamar taɓarya, ba ganye sai ƙaya, jikinta kore da ratsin rawaya, kamar an ɗiga mata man shanu ya gangaro. Ƙyarana yake ce mata, wai ta yi kama da ta shingen garinsu a Arewa.

Ruwa kuwa a ka muke ɗauko shi daga famfon unguwa, ba a zubar da shi a banza. Mai alwala sai ya tsuguna a gindin barkono ko na'ana'a, shuka ta sha, shi ya samu lada. Bokitin kakana kaɗai aka hana mu. Mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Cikin damina ya rasu. Masu ta'aziyya suka cika gida, kuma duk wanda aka ce masa wannan shukar marigayi ce, can zai kai butarsa. Maƙwabciyarmu mai sayar da koko ta ce ratsin nan ma ƙishirwa ce, ta riƙa ƙara mata ruwan wankin gero.

Kakata tana takaba a ɗaki. Ranar da ta fito shan iska, ta soka tsinken tsintsiya a gindin shukar, ya shige kamar cikin ruɓaɓɓiyar gwanda. Ta sa aka miƙo mata wuƙa, ta naɗe hannu da tsumma, ta sare shukar. Ta ga baƙi a tsakiya, ta ƙara yanka, ta ƙara, sai da ta kai ga fari tas. Abin da ya rage bai fi ludayi ba. Ta shafa masa toka, ta kwantar a kan kabad.

Gwaggona ta ce, "Mma, abin da Baba ya bari ke nan, ko ƙasa ba za ki ba ta ba?"

"Kirkinku ne ya kashe ta," in ji kakata. "Ni ƙishirwa zan ba ta."

Ashe duk shekarun nan tana kallon hannun mijinta. Sai da bakin yankan ya bushe kamar fata, ta aika aka roƙo yashi wurin masu buga bulo, ta haɗa da gutsattsarin gawayi a gwangwanin da ta huda da ƙusa, ta dasa guntun a ciki. Ta ajiye ƙarƙashin kwanon rufi, inda ranar safe kaɗai ke kaiwa, don zafin azahar yana ƙona rawayar. Ta kafa kujera a gefe, carbi a hannu. Kowa ya doso da buta, ko limamin unguwa ne, za ta gaishe shi da ladabi ta nuna masa barkono. Ranar da gota, wato kwata, ta cika ruwa ya shigo gida, kan gadonta ta ɗora gwangwanin.

Takaba ta ƙare, shuka shiru. Gwaggo ta ce a zubar, kakata ta yi kamar ba ta ji ba. Wata safiya ta kira ni, ta naɗa mini tsumma a hannu, ta ce in ja shukar a hankali. Na ja, abu ya ƙi tasowa.

"Ta kama," ta ce.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko butar kakana da ba wanda ya taɓa tun rasuwarsa, ta zuba wa shukar ruwa kaɗan.

Yanzu ina unguwar Maamobi, shukar ta fi ni tsawo. Irinta ma ana sayarwa a bakin titi cikin tukwane masu fenti. Ruwan famfo ya zo har ɗaki, yara ba su san tsugunawa gindin shuka ba. Amma tsofaffi in sun zo suna ko biki, hannunsu bai manta ba. Shi ya sa na shuka barkono a bakin ƙofa, kujerata kuma tana gindin ƙyarana.