Sunan da Alhaji Tanimu ya cire da hannunsa

Wata rana, a wani bajekoli a Kaduna, Barira ta tsaya gaban injin matse man gyaɗa da ta yi shekara biyu tana ƙerawa.

A jikinsa an manna ɗan allon ƙarfe: "Ƙirar Alhaji Tanimu."

Alhaji Tanimu shi ne mai masana'antar da take yi wa aiki. A ganinsa, wanda ya sayi ƙarfe kuma rumfa tasa ce, to basirar ma tasa ce.

Da ta yi magana, a gaban baƙi ya kore ta.

Ta yi kuka, wallahi ta yi. Amma wata uku kafin nan, ta riga ta kai zanen injin Abuja ta yi masa rajistar mallaka da sunanta. Ko mijinta bai sani ba.

Ta yi gum. Ta kama 'yar rumfa a unguwar Kakuri.

Ta ƙera akwatin ɗumama jariran da aka haifa ba su kai wata tara ba. Ta ƙera na'urar da ke ƙara idan ruwan da ake sa wa majiyyaci ya ƙare. Ta ƙera injin sheƙe shinkafa. Kowanne sai ta riƙe takardarsa kafin ido ya gan shi.

Shi kuwa gogan naku yana ta buga injinta yana hura hanci.

Bayan shekara shida, wasu 'yan kasuwa daga Nijar suka nemi inji ɗari biyu a wurin Alhaji, amma sai sun ga takardar mallaka. Alhaji ya garzaya Abuja.

Aka duba. Sunan Barira ne.

Sai ga shi a Kakuri da babbar riga, yana share gumi.

"'Yata, ki rufa min asiri."

"Yau na zama 'ya, Alhaji? Zan sa hannu a ba ka izini. Amma duk injin da ka sayar, kai da kanka za ka bi shi, ka cire sunanka, ka sa nawa. Ban yarda da aike ba."

Inji tamanin da huɗu ne. Daga Zariya har Funtuwa, mata masu ƙuli-ƙuli na tsaye suna kallon Alhaji a durƙushe da sukundireba.

Ni dai ko kaɗan bai ba ni tausayi ba.

Darasi: Kafin ka nuna wa duniya abin da ka ƙirƙira, ka fara kai shi rajista. Kai kuma mai cin gumin na ƙasa da kai, ka sani ba kowane shiru ne yafiya ba.

Tura wa duk wanda aka taɓa ƙwace wa wahalarsa.